Yadda Ake Fitar da Sitacin Rogo, Daga Gona Zuwa Buhu

Tun da na taɓo maganar sitacin rogo, tambayoyi ba su yanke ba. Masu wanki da guga da masu wankin hula sun gaji da tsadar na kasuwa. Mata masu sana'ar abinci suna tambaya ko ana cinsa, da ko gaskiya ne yana maganin wannan da wancan. Ga kuma matasa daga Taraba da Nasarawa da kudancin Kaduna da rogo ya yi musu yawa a gona, suna neman abin da za su yi da shi banda garin kwaki da alabo. Ga amsar a dunƙule, mataki bayan mataki.

Duk macen da ta taɓa yin gasara ta riga ta san rabin aikin: a markaɗa, a tace, a bari ya kwanta, a tsiyaye. Abu biyu ne suka raba rogo da gero. Rogo ba ya jiran kowa, kuma ruwan da ke fita daga cikinsa yana da guba. Duk lissafin da ke ƙasa na ɗora shi a kan ɗanyen rogo kilo 100, don mai son ya ninka ya ninka.

1. Nemi mai saye da ruwa kafin ka nemi rogo

Kada ka tuge saiwa ko ɗaya sai ka san wanda za ka kai wa. Sitacin kaya, wato na sa wa tufafi, da sitacin ci aikinsu kusan ɗaya ne har ƙarshe, amma na ci yana buƙatar ruwan da kai kanka za ka iya sha, da mazubi masu tsabta, da rajista idan za a sa shi a leda da suna. Ka zaga wajen masu wanki, masu rini da bugu, masu gidan burodi da masu haɗa kastad, ka tambayi nawa suke saye a mako da kuma kuɗin da suke biya yanzu.

Sai ruwa. Kilo 100 na rogo zai ci maka durom uku zuwa huɗu, irin mai lita 200, tsakanin wanki da tata da ɗauraya. Idan a unguwarku sai an sayi ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, ka sake tunani, domin nan ribar za ta zurare.

Gargaɗi: ruwan rijiya ko na burtsatse da ke barin jan tabo a bokiti yana da ƙarfe a ciki. Zai dusashe maka farin sitaci, kuma babu ɗaurayar da za ta dawo da shi. Ruwan kogi mai laka ma haka.

2. Kayan aiki

Wuƙaƙe masu kaifi waɗanda ba sa tsatsa, bahon roba manya guda huɗu ko biyar, durom na roba biyu masu faɗin baki, magurji ko injin gurzar rogo irin na masu garin kwaki, ƙyallen tata iri biyu, mai ɗan faɗin ido da mai laushi irin na tatar koko, buhunan matsa masu tsabta, baƙar leda mai kauri ta shanya, gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa, rariyar tankaɗe mai laushi, da sikeli. Sikelin nan shi ne mutane suka fi rainawa, shi ne kuma zai gaya maka ko kana cin riba ko kana yi wa kasuwa aikin banza.

Ba sai ka sayi inji da farko ba. Inda duk ake yin garin kwaki akwai injin gurza da abin matsa mai jak, kuma ana biyan kuɗin aiki ne a kan buhu ko baho. Ka yi zubi biyar ko shida da na haya tukuna.

Gargaɗi: kada jiƙaƙƙen rogo ko ruwan tata ya zauna a cikin durom na ƙarfe ko bahon da ya yi tsatsa. Gubar rogo tana haɗuwa da ƙarfe ta ba da launin toka mai ɗan shuɗi-shuɗi. Roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa kawai. Durom ɗin da aka taɓa zuba mai, fenti ko maganin feshi kuwa, ko an wanke shi sau goma, ba na wannan aiki ba ne.

3. Zaɓen rogo

A nan ake cin riba ko a faɗi, tun kafin a kunna inji. Ɗanyen rogo mafi yawansa ruwa ne. Sitacin da ke ciki yakan kama daga kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, gwargwadon iri da shekaru da lokacin tuge shi. Rogo biyu za su iya zama girma ɗaya, nauyi ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ɗaya ya ba ka kusan ninkin ɗan'uwansa.

Ka nemi wanda ya yi wata 10 zuwa 12 a ƙasa. Wanda bai kai ba ruwa ne zalla, wanda ya wuce shekara ɗaya da rabi kuma ya fara zama itace, zare ya yi masa yawa. A cikin ingantattun irin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike suka yaɗa, TME 419 ya yi suna a wajen masu sitaci saboda ƙarancin ruwansa. Rogon nan mai launin rawaya da aka inganta da bitamin A yana da kyau ƙwarai ga tukunya da garin kwaki, amma ba na sitaci ba ne: ruwansa ya fi yawa, kuma abin da ya sa shi rawaya ba farin da mai saye ke nema ba ne.

Lokaci ma yana da tasiri. A rani, bayan ruwa ya ɗauke, saiwa ta fi cika da sitaci. Da an yi ruwan farko itacen ya fara sabon toho, sai ya koma cin abin da ya tara a ƙasa. Mai sayen rogo a farkon damina yakan yi mamakin yadda buhu bai ragu ba amma sitaci ya ragu.

Kafin ka yi cinikin gona guda, ɗebi kilo 5 daga wurare daban-daban a cikinta, ka bi da su duk matakan da ke ƙasa, ka auna busasshen sitacin. Idan ka samu gram 800 zuwa kilo 1, rogon ya yi. Idan bai kai gram 600 ba, ka bar wa masu dafawa. Manyan masana'antu ma ba sa saye da ido; suna auna samfurin rogo a iska, su sake auna shi a cikin ruwa, daga nan su san sitacinsa su yanke farashi.

Rogo mai ɗaci yana yin sitaci mai kyau, kada ɗacin ya hana ka saye. Sai dai ka hana yara da ma'aikata ɗanɗana shi ɗanye.

4. Tugewa da ɗaukowa

Daga lokacin da saiwa ta bar ƙasa agogo ya fara lissafi. Cikin kwana biyu zuwa uku za ka ga baƙaƙen jijiyoyi masu shuɗi-shuɗi a cikin naman rogo, kuma wannan launi yana bin sitacin. Ƙa'idata ita ce awa 24: a tuge da sassafe, a gurza kafin la'asar. Ka tuge iya abin da hannunka zai gama a ranar. Ragowar ya fi zama lafiya a ƙasa da a tsakar gidanka.

A yi hankali da fartanya da diga, domin wurin da aka sare shi ne ke fara lalacewa. A lulluɓe lodi daga rana, kada a jefo shi daga mota kamar itace.

Na taɓa sayen lodi a hannun wani dillali da ya rantse cewa tugin safiyar ranar ne. Ban karya ko ɗaya na duba ba. Da muka fara feraya muka ga cikinsa duk zane-zane. Sitacin ya fito launin toka, sai masu haɗa gam na sayar wa a kan rabin kuɗi. Tun daga ranar, sai na karya saiwa biyar daga ƙasan lodi kafin in ƙirga kuɗi.

5. Feraya da wanki

A fara wanke ƙasa da ruwa, sannan a datse kai da gindi inda itace yake. Rogo yana da ɓawo biyu: siririn na waje mai launin ƙasa, da mai kauri na ciki. Ga aikin hannu, a cire duka biyun, domin guba mai yawa da abin da ke ɓata launi suna cikinsu. A tsaga ɓawon a tsaye a ɓare shi da gefen wuƙa, kada a fere shi kamar doya ana zubar da nama. Kilo 100 ya kamata ya bar maka kilo 80 zuwa 85 bayan feraya. Idan ka ga 70, masu ferayarka suna zubar maka da kuɗi a juji.

Duk wanda aka fere a jefa shi cikin bahon ruwa nan take don kada iska ta canza masa launi. A yanke duk wurin da ya ruɓe ko ya yi baƙi. A ɗauraye sau biyu, har ruwan ya fito garau. Yashin da ka bari a nan za ka same shi a ƙasan sitaci, mai saye kuma zai same shi a haƙorinsa.

6. Gurza

Sitaci yana kulle ne a cikin ƙananan ɗakuna na naman rogo, kuma wanda ba a fasa ɗakinsa ba zai tafi a dusa. Saboda haka laushin gurza shi ne ke yanke yawan abin da za ka samu. Gurzar garin kwaki ta yi gautsi ga wannan aiki. Ka sa a mayar da ƙullun cikin inji sau biyu, ko bayan gurzar farko a kai shi injin markaɗe da ɗan ruwa. Murza shi tsakanin yatsu: idan kana jin ɓarɓashi masu tauri, da saura.

Gargaɗi: a sa mai inji ya wanke injinsa a gabanka. Ragowar ƙullun jiya da ya yi tsami zai tsamar da naka, ragowar barkono ko tattasai kuma ba sai na faɗa ba. A yi gurza a fili ko inda iska ke ratsawa, domin a daidai wannan lokaci ne gubar take tashi a iska. Mai aiki a rufaffen ɗaki zai ji ciwon kai da jiri. Kuma a tura rogo cikin inji da katako, ba da hannu ba.

7. Tata

Kada ƙullu ya kwana. Mai garin kwaki yana son tsami, kai kuwa tsami abokin gabarka ne. Zuba ƙullun a baho, ƙara ruwa kamar ninki biyu zuwa uku na yawansa, ka dama sosai. Ɗaura ƙyalle mai faɗin ido a bakin durom, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana murzawa kana ƙara ruwa. Farin ruwa kamar madara zai riƙa sauka.

Dusar da ta rage ka mayar da ita baho, ka sake jiƙawa, ka sake tacewa. Sau uku nake yi. Alamar an gama ita ce ka matse dusa a hannu ruwan ya fito kusan garau. Wanda ya tsaya a tata ɗaya ya yi wa awakin unguwa kyauta da sitacinsa.

Daga nan ka sake bi da farin ruwan ta ƙyalle mai laushi zuwa durom na biyu. Wannan tata ta biyu ita ce ke cire ƙananan zare, ita ce kuma ke raba sitacin da masu wankin hula za su sake nema da wanda zai bar musu ɗigo-ɗigo a jikin zanna bukar.

Gargaɗi: mai rauni ko tsagewa a hannu ya sa safar hannu ta roba. Ruwan yana cin fata idan an daɗe a ciki.

8. Kwantarwa da ɗauraya

Rufe durom ɗin da ƙyalle, a inuwa, kada kowa ya motsa shi. Cikin awa 4 zuwa 6 sitacin zai kwanta ya yi tauri a ƙasa. Mazubi mai faɗi marar zurfi ya fi saurin kwantarwa, shi ya sa masu yi da yawa suke gina kwatamin siminti mai tayil maimakon durom. Idan tata ta kai ka dare, bari ya kwana, amma da asuba ka tsiyaye. A zafin bazara, wanda ya wuce haka zai tarar da kumfa da wari.

Tsiyaye ruwan saman a hankali. Za ka ga wata dauɗa mai santsi, rawaya-rawaya ko toka-toka, a saman farin. Kankare ta da cokali ko ka ɗauraye ta da ɗan ruwa. Ita ce ke jawo wari da canjin launi a ajiya. Sai ka zuba sabon ruwa, ka fasa sitacin ka dama shi har ya narke gaba ɗaya, ka sake barinsa ya kwanta. Na kaya, ɗauraya biyu ta isa. Na ci, uku, har sai ruwan saman ya zama garau ba wari.

Idan ka zo kwashewa, yanka shi gunduwa-gunduwa ka ɗaga, ka duba ƙasan. In akwai layin yashi, yanke shi ka ware.

Gargaɗi: wasu suna zuba ruwan bilicin wanki ko shuɗin bula don fari ya ƙaru. Kada ka yi, ko da na kaya ne, domin ba ka san hannun da zai ƙare ba. Wata za ta saya ta dama wa yara. Farin sitaci daga sabon rogo da ruwa mai kyau yake zuwa.

9. Matsewa

Sitacin da ya kwanta kusan rabinsa ruwa ne. Zuba shi a buhu mai tsabta da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle a ciki, ka ɗaure, ka sa a abin matsa ko ka ɗora katako da duwatsu na awa biyu ko uku. Ya yi idan ka ɗebo ya farfashe a hannu maimakon ya narke ya zube. Wannan mataki yana rage maka kusan yini guda na shanya.

10. Shanya

Farfasa shi ƙanana, ka baza a kan baƙar leda bisa gadon shanya, kaurinsa kada ya wuce yatsa ɗaya. A riƙa juyawa duk bayan awa ɗaya ko biyu. Da rana mai kyau, yini ɗaya zuwa biyu ya isa. Idan yamma ta yi bai bushe ba, a shigar da shi ɗaki a baza, kada a tara shi a buhu da danshi, kada kuma a bar wa raɓa.

Mu a Arewa Allah ya ba mu abin da masu rogo na Kudu suke kashe kuɗin mai su samu, wato busasshiyar iska. Amma hunturun da ke busar da shi cikin yini shi ne ke ɗauke da ƙura. Ka yi shanya nesa da hanya, ka lulluɓe da farin ƙyalle marar kauri ko gidan sauro, wanda zai tsare ƙuda da kaji ma. Shanya a gefen kwalta, irin yadda ake yi wa alabo, ba ta dace da sitaci ba ko kaɗan.

Gargaɗi: kada ka ce za ka gaggauta da wuta a kasko. Jiƙaƙƙen sitacin rogo yana fara dahuwa da zafi ya kai wajen digiri 60, ya zama ƙwallaye masu tauri kamar ƙanƙara waɗanda ba sa komawa gari. Mai amfani da na'urar busarwa ya riƙe zafinta ƙasa da haka.

Abin da ake nema shi ne danshi ya sauka zuwa kashi 12 ko 13 cikin ɗari. In ba ka da na'urar aunawa, murza shi tsakanin yatsu: busasshe yana yin ƙara ƙyas-ƙyas. Sannan ka ƙulle ɗan kaɗan a farar leda ka ajiye a rana na awa ɗaya. Idan ledar ta yi gumi daga ciki, mayar da shi shanya.

11. Niƙa, tankaɗe da ɗurawa

Bari ya huce, a niƙa a injin da aka wanke ya bushe, ko a murƙushe a turmi mai tsabta, a tankaɗe. A ɗura a buhu mai leda a ciki, a ɗinke, a jera a kan katako nesa da bango. Sitaci yana jan wari kamar yadda yake jan danshi, don haka kada ya haɗa ɗaki da kalanzir, sabulu, daddawa ko taki.

Yanzu hau sikeli. Aikin hannu mai kyau yana ba da kilo 15 zuwa 20 daga kilo 100. Kafin ka kai wa kowa, dama cokali ɗaya a kofin ruwan sanyi ka ɗora a wuta kana juyawa. Na kirki zai yi kauri, ya yi garau kamar gilashi, ya yi yauƙi, ba tsami ba wari.

12. Ruwan tata da dusa

Wannan mataki ne na fi so a ɗauka da gaske. Ruwan farko da ka tsiyaye yana ɗauke da mafi yawan gubar rogon. Akuya ko tunkiya ta sha za ta iya mutuwa, a kududdufi yana kashe kifi, a kwata kuma warinsa zai haɗa ka faɗa da maƙwabta. Haƙa rami nesa da rijiya, ka kewaye shi, ka rufe bakinsa yadda yaro ko dabba ba za su kai ba. Idan wani ya sha, ko ya ci ɗanyen rogo mai ɗaci, ya fara jiri, amai, ciwon ciki ko numfashi sama-sama, a tafi asibiti nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida.

Dusa da ɓawo kuwa kuɗi ne. A matse, a shanya su bushe ƙarau na kwana biyu zuwa uku, sannan a haɗa da abincin dabbobi. Masu kiwo suna saye. Ɗanye dai kada a ba dabba.

13. Lissafin kuɗi

Farashin rogo yana hawa da sauka daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka ka riƙe hanyar lissafin. Rubuta kuɗin rogo, mota, masu feraya, inji, ruwa, buhu, da ladan kanka. Cire abin da dusa ta kawo. Raba ragowar da kilon sitacin da ka samu.

A ce, don misali kawai, duka ya tashi naira 30,000. Idan ka samu kilo 18, kowane kilo ya tsaya maka a kan kusan naira 1,670. Idan ka yi sakaci a zaɓen rogo da gurza ka samu kilo 12, ya zama naira 2,500. Kuɗi ɗaya, wahala ɗaya. Rogon da kansa shi ne yakan cinye kaso mafi girma, sai mota, kuma idan ka ɗauko ɗanyen rogo daga Binuwai zuwa Kano, kuɗin dakon ruwa da ɓawo ka biya. Ka kai aikin kusa da gona, ka ɗauko busasshen sitaci zuwa birni.

14. In kana tunanin masana'anta

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma Tailan ce ke riƙe da kasuwar sitacinsa, kamfanoninmu kuma suna shigo da sitaci daga waje. Masu buƙata suna nan: masu dunƙulen ɗanɗanon miya, masu biskit da alewa, masu kwali da takarda, masaƙu, da masu haɗa ƙwayoyin magani. Akwai kamfanonin da ke yi a cikin ƙasar nan, irin su Psaltry a Ado-Awaye ta jihar Oyo, da Matna a jihar Ondo, da masana'antar sitaci ta Ihiala a Anambra.

Matakan su ne waɗanda ka karanta, inji ne kawai ya karɓi kowanne: mai kakkaɓe ƙasa, mai wanki da kankare ɓawon waje, mai sara, magurji mai gudun gaske, rariyoyi masu juyawa, na'urorin da ke raba sitaci da ruwa da ƙarfin juyi maimakon jiran ya kwanta, sai bututun iska mai zafi da ke busar da shi cikin daƙiƙu. Daga saiwa zuwa buhu kusan awa ɗaya ne, kuma tan 4 zuwa 5 na rogo ke ba da tan 1.

Kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan masana'antu shi ne a sayi inji kafin a tabbatar da rogo. Injin da ke fitar da tan 10 a rana yana son tan 40 zuwa 50 na sabon rogo kowace safiya, rani da damina. In ba ka da gonarka da yarjejeniya da manoman kewaye, da hanyar da mota za ta bi a watan Agusta, injin zai fi kwana a kashe. Bayan rogo sai wuta, ruwa, da inda ruwan dauɗa zai tafi. Don ƙananan injuna, a leƙa cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas ko cibiyar injunan noma ta NCAM da ke Ilori, kuma duk sashen da ke taɓa ƙullu ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa.

15. Abin da za ka gaya wa mai saye game da lafiya

Ka faɗi gaskiya, ita ma ta isa talla. Sitacin rogo abinci ne mai ba da ƙarfi, mai sauƙin narkewa, marar ɗanɗanon da zai canza girki. Ba shi da sinadarin gulutin da ke cikin alkama, don haka waɗanda cikinsu ba ya karɓar alkama za su iya amfani da shi wajen kaurara miya, kunu da gashe-gashe. Wanda aka gurza, aka ɗauraye sau uku, aka busar, gubar da ta rage a cikinsa kaɗan ce ƙwarai. Ma'aunin da hukumomin abinci na duniya suka sa wa garin rogo shi ne kada ta wuce miligiram 10 a kilo. Duk da haka dafa shi ake yi, ba a sha ɗanye.

Iyakarsa ke nan. Kusan babu abin gina jiki a cikinsa, babu mai, bitamin da ma'adinai ma ba a bakin komai ba, domin duk sun tafi a ruwan tata. Yana ɗaga sukarin jini da sauri, saboda haka mai ciwon suga ya yi hattara, kuma duk wanda ya ce maka yana maganin suga ya yi ƙarya. Abin da ya fi damuna shi ne uwa ta ga fari ne mai laushi ta mayar da shi kunun yaye. Yaro zai ƙoshi, cikinsa ya cika, tamowa kuma ta kama shi. In za a ba yaro, a haɗa da gyaɗa, waken soya, madara ko ƙwai.

16. Rajista da kai samfuri

Mai sayar wa masu wanki a mudu ba ya buƙatar dogon shiri. Mai son sa shi a leda da suna a matsayin abinci ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, sannan ya nemi lambar NAFDAC, waɗanda za su zo su duba wurin aiki da ruwa. Kamfani kuma zai nemi takardar gwaji daga ɗakin bincike mai nuna danshi, tsami, fari da ragowar guba.

Ka ƙulla rabin kilo-rabin kilo ka kai wa masu saye biyar kyauta, ka koma bayan mako ka ji ta bakinsu. A kowane zubi ka ajiye ɗan samfuri a kwalba, ka rubuta ranar tugewa, gonar da aka samo rogon, da kilon da ya bayar. Ranar da wani ya dawo da ƙorafin wari ko launi, kwalbar za ka buɗe ka gane ko daga shanyarka ne ko daga ɗakin ajiyarsa.